Na Saya Musu Littattafai, Ko Kallo Ba Su Ishe Su Ba

Assalamu alaikum Gwaggo. Ina zaune a Tudun Wadan Zariya, 'ya'yana uku: Abba mai shekara 10 yana aji biyar, ƙanwarsa mai shekara 7, sai auta mai shekara 3. Damuwata ita ce ba sa son karatu ko kaɗan. Na matse bakin aljihu na saya musu littattafan Turanci masu hotuna, suna nan cikin kwali, ko kallo ba su ishe su ba. Da sun dawo Islamiyya sai wayata, ko talabijin in an kawo wuta. Babban sai na ɗauki bulala yake buɗe littafi, ya yi ta hamma har barci ya kwashe shi a kai. Mun ɗauko malamin lesin, ba ta canza zani ba. Ni daga aji uku na sakandare aka yi mini aure, Turancina ba mai ƙarfi ba ne, ina jin kunyar in karanta musu su yi mini dariya. Babansu yana kasuwar Sabon Gari, sai bayan isha'i yake shigowa, kuma ya ce labarai shiririta ne, su dai su ci jarrabawa. Yaya zan yi?

Maman Abba, Tudun Wada

Wa'alaikumus salam, Maman Abba. Allah ya raya mana su, ya yi musu albarka.

Kafin mu ɗora wa yaron nan laifi, zo mu bi yininsa tare. Ya tashi da asuba, wataƙila ya biya allo ko ya yi tilawa kafin ya karya kumallo. Bakwai da rabi yana boko, ba za a tashi ba sai azahar. Ya dawo ya ci abinci a tsaitsaye, ya sauya kaya, ya nufi Islamiyya har rana ta yi ja. Bayan magariba malamin lesin ya kafa kujera a zaure, ga aikin gida da aka ba shi a boko, ga hadda da za a karɓa gobe, malam riƙe da dorina. Bayan duk wannan ne ke kuma za ki jawo kwali ki ce, "Zauna ka yi karatu." Ƙanwata, ko ni aka yi wa haka hamma zan yi.

Ki duba da kyau, tun da yaron nan ya buɗe ido, duk takardar da aka taɓa miƙa masa akwai tambaya a bayanta, bayan tambayar kuma akwai duka in ya kasa. Bai taɓa riƙe littafin da ba a bin sa bashi a kai ba. Kin san jaririn da aka saba yi wa ɗura, a toshe masa hanci a kwarara masa koko? Cikinsa yakan cika, amma da ya hangi ludayi sai ya kau da kai yana tsala ihu. Abin da muke yi wa yaranmu da littafi ke nan, sannan mu dawo muna mamakin yadda suke gudunsa.

Saboda haka bulalar nan ki ajiye ta, a kan wannan maganar dai. Ban shiga tarbiyyar gidanki ba, kin fi ni sanin 'ya'yanki. Amma na daɗe cikin aji da yara, kuma abin da na gani shi ne duka yana sa yaro ya buɗe littafi, ya kafa masa ido, ya riƙa motsa baki, amma hankalinsa yana kan hannunki, yana auna lokacin da za ki ɗaga shi. Ba abin da zai shiga kansa a haka.

Sai tambayar da iyaye ba sa son a yi musu: kin tabbata Abba ya iya karatun? Kada ki ce mini yana aji biyar. Aji ba shaida ba ne. A makarantu da yawa, na kuɗi da na gwamnati, malami yakan rubuta a allo ya faɗa, yara su amsa gaba ɗaya da murya ɗaya, su maimaita har su haddace. Yaro mai kaifin kunne zai iya shekara uku yana bin ayari a haka ba wanda ya gane bai san yadda ake haɗa harafi da harafi ba. Ki ba shi littafin makarantarsa, zai zubo miki shafi guda kamar ruwa, alhali da ka yake kawo shi.

Ga yadda za ki gane. Ki sami ranar da ba makaranta, yana cikin nishaɗi, ƙannensa ba sa kusa, don kada ya ji kunya. Ki rubuta layi uku ko huɗu da Hausa a takarda, abin da bai taɓa gani ba. Misali ki rubuta masa saƙo zuwa ga maƙwabciya, ki ce, "Abba duba mini nan, na rubuta daidai kuwa? Karanta mini in ji." Sai ki zuba ido ba tare da kin gyara masa ba. In ya karanta sumul, alhamdu lillahi, matsalarmu ta sha'awa ce kawai. In kuwa kika ga yana duban harafin farko sai ya cinka sauran, an rubuta "kwano" ya ce "kwando", ko yana tsallake ƙananan kalmomi, ko ya kai ƙarshen layi ya manta da farkonsa, to yaron nan wahala yake sha, kuma ya zaɓi a ce masa malalaci da a ce masa daƙiƙi. Yara da yawa haka suke ɓoye abin. Ki kuma lura da yadda yake riƙe takardar. In yana kai ta dab da hancinsa, yana ƙanƙance ido, ko yana yawan cewa kansa na ciwo bayan makaranta, ko ya fi son zama gaban talabijin kamar zai shige ciki, a kai shi a duba idonsa. Asibitin koyarwa na Shika yana kusa da ke, ga kuma Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna. An sha dukan yaro kan lalaci alhali tabarau kawai yake bukata.

In ta tabbata bai iya haɗa baƙi ba, kada hankalinki ya tashi, domin maganin yana hannunki, kuma kin san shi tun kina ƙarama. A makarantar allo ba a fara ba ki sura ba sai da kika yi babbaƙu, kika san kowane harafi da sunansa, sannan farfaru, kika san yadda wasali ke motsa shi. Haka za ki yi masa da boko. Rubutun Hausa na boko yana da sauƙin kai: wasula biyar ne, a, e, i, o, u, kuma abin da aka rubuta shi ake faɗa. Ba da ba, baba. Ka da za, kaza. Abin da zai ɗan tsaya masa su ne masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, sai irin su sh da ts da ky da gw. Yaro mai shekara goma, in ana zama da shi minti goma kullum ba tsawa, ba ya daɗewa yake kamawa. Turanci ba haka yake ba. Harafi ɗaya yakan yi sauti biyu ko uku, wani ma a rubuta shi ba a faɗar sa, ga shi kuma yaron bai san ma'anar kalmar ba ko da ya furta ta daidai. Wato an ɗora masa kaya biyu lokaci guda, koyon karatu da koyon baƙon harshe. In ya fara ƙwarewa da harshen da yake mafarki da shi, haruffan dai su ne, idonsa ya riga ya saba da bin layi, sai ya shiga Turancin da ƙafar dama.

Nan ne na zo kan kunyar da kika ce kina ji. Wa ya ce miki sai da Turanci ake sa yaro son littafi? Ke da ke zaune a Zariya! Garin nan fa shi ne tukunyar da aka dafa rubutun Hausa na boko aka raba wa duk Arewa. A nan hukumar talifi ta shirya gasar 1933 wadda ta fito da ƙagaggun labaran Hausa na farko da aka buga. A nan aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a watan Janairun 1939, Abubakar Imam yana editanta. A nan aka kafa kamfanin Gaskiya a 1945, daga baya kamfanin buga littattafai na Arewa, wato NNPC, a 1966, wanda ya yi ta buga littattafan da iyayenmu suka karanta har bangonsu ya cire. Mutanen da suka yi yaƙi da jahilci a shekarun 1950, manya da gemunsu, da Hausa suka koyi karatu, kuma da Hausa suka kamu da son sa. Abin yakan ba ni takaici in na shiga gida a garin nan, tafiyar 'yan mintuna zuwa Gaskiya, in tarar yaro ya san sunan kowane ɗan wasan Indiya amma bai taɓa riƙe littafin Hausa ba, iyayen kuma suna alfahari da hakan wai don kada Turancinsa ya lalace. Na ga masu digiri da ba sa iya karanta wasiƙar kakarsu, kuma Turancin nasu ma bai taka kara ya karya ba.

Wasiƙar da kika rubuto mini tsaf take, ba inda na yi tuntuɓe. Wadda ta rubuta wannan ta isa ta karanta wa 'ya'yanta labari.

To yaya za a fara? Kada ki fara da littafi. Ki fara da baki. Daren da aka ɗauke wuta, wanda ba sai an jira shi da daɗewa ba, ki shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ki ajiye waya a ɗaki, ki ce, "Ga ta nan, ga ta nanku." Ki ga ko akwai wanda zai san ya ce, "Ta zo mu ji ta." In ba su sani ba ki koya musu. Ki kawo musu Gizo da Ƙoƙi, ki yi muryar Gizo da tsamin bakinsa, ki kumbura murya in kin zo kan Dodo, ki rera waƙar da ke ciki su amsa. Ki jefa musu kacici-kacici, "Baba na ɗaka gemu na waje," su yi ta kai-kawo har su ba ki gari. Kada ki raina wannan. Yaron da ke sauraron tatsuniya yana koyon riƙe zaren labari a kansa, wa ya yi me, me ya jawo me, me zai biyo baya. Yana zana hoto da kansa ba wanda ya nuna masa. Wannan shi ne aikin da mai karatu yake yi, kuma shi ne aikin da talabijin ke ɗauke wa yaro, tun da ta riga ta tauna ta ba shi.

In kun yi 'yan kwanaki a haka har sun fara cewa, "Mama yau ba tatsuniya?", sai wata rana ki ce naki sun ƙare, amma akwai wasu a cikin wannan. Ki fito da littafin Hausa, ki kunna fitila mai caji, ki karanta musu da irin muryar da kike tatsuniyar. In kina neman na farawa, Magana Jari Ce na Abubakar Imam yana nan, kundi uku, an buga shi a ƙarshen shekarun 1930, kuma don 'yan makaranta aka rubuta shi tun asali. Akwai dabara a cikinsa da nake so ki ara. A littafi na ɗaya, aku ne yake tsare ɗan sarki, ya hana shi fita da dare, ba da ƙarfi ba, sai da labari bayan labari har gari ya waye. Ke ma haka za ki yi, sai dai ki ƙara da naki wayon: in kin zo daidai inda labari ya ɗau zafi, an ɗaga takobi ko an buɗe ƙofa, sai ki rufe littafin ki yi miƙa ki ce, "Kai, na gaji, sai gobe." Za su yi ƙorafi. Ki yi kunnen uwar shegu. Ki ajiye littafin a inda hannu zai kai, kan taga ko gefen katifa, da ɗan tsinke a shafin da kika tsaya. Kada ki ce wa kowa ya ɗauka. Ranar da kika shigo kika tarar tsinken ya matsa gaba, ki yi kamar ba ki gani ba. In kika yi guɗa kika kira babansu a waya kika shaida wa maƙwabta, kin mayar da abin jarrabawa, ya kuma janye.

Don Allah kada ki yi tambayar malamai bayan an gama. "Wane darasi muka koya?" ita ce tambayar da ke kashe labari. In za ki yi magana, ki yi irin wadda kike yi da ƙawarki bayan kun kalli fim: "Ni fa wazirin nan ban yarda da shi ba." "Da kai ne, za ka shiga rijiyar?" Ki bari su yi gardama, ki bari ƙaramar ta ce ita ta fi tausayin kura. In kin ci karo da tsohuwar kalmar da ke ma ba ki sani ba, ki ce ba ki sani ba, a ajiye ta sai an je gidan kaka a tambaya. Hausar waɗancan littattafan tana da zurfi, kuma yaro yana jin daɗi ya ga babba ma yana neman sani.

Minti goma sha biyar ya isa. Wanda ake yi kullum ya fi na awa biyu ranar Lahadi.

Kwalin nan kuma ki zazzage shi. Na san da guminki kika saya, kina tsoron auta ya yayyaga. Zai yaga kuwa, ya tauna gefe, ya zana da biro. Ki manne da salatif a ci gaba. Masu hotunan ki ba 'yar shekara bakwai da autan, ku riƙa bin hoton kuna ba da labarin da Hausa, ba ruwanku da abin da aka rubuta a ƙasa. "Me kake gani nan? Ina akuyar ta tafi?" Auta zai kawo miki littafi ɗaya sau ashirin, ki haƙura ki maimaita, a maimaitawar yake ɗaukar kalmomi, har ki ji wata rana yana riƙe da shi a juye yana "karanta" wa kyanwa. In kun zo kan Turancin da kika iya, ki karanta abinki. In Abba ya gyara miki, ki ce, "Au, haka ake faɗa? To karanta mana kai." Kin ga dariyar da kike tsoro ta zama tarko. Ba abin da ke sa babban wa ya dage kamar a ce ƙannensa sun zuba masa ido suna jiran ya karanta musu, kuma littafin yara ƙanana shi ne daidai ƙarfinsa in har yana da rauni, ba tare da an ce masa an mayar da shi baya ba.

Ita ƙanwar tasa tana shekarun da komai rubutu ne a wajenta in an nuna mata. Gwangwanin madara, buhun shinkafa, allon shaguna daga Tudun Wada zuwa Kofar Doka, da abin da masu keke napep ke rubutawa a bayan kekensu. Ki ce ku yi gasa, wa zai riga karanta na gabanmu. In za a yi cefane ki faɗa ta rubuta: tattasai, albasa, daddawa, manja. Ta rubuta ba daidai ba, mai kayan miya zai gane, ke ma kin gane. Gyara ya biyo baya.

Waya kuwa, bari in taɓa ki kaɗan, ki yi haƙuri. In kina cikin matan da ke bin littattafan Hausa a WhatsApp, ana turo shafi-shafi kuna jira, to ke ma makaranciya ce, sai dai 'ya'yanki ba su sani ba. Abin da suke gani shi ne Mama tana danna waya, saboda haka su ma waya suke so. Yaro ba ya bin abin da aka ce masa kamar yadda yake bin abin da ya ga ana jin daɗinsa. Ki bari su gan ki da littafin takarda, ko sau ɗaya a yini, kina murmushi ke kaɗai har wani ya ce, "Mama mene ne?" Waɗancan na wayar kuma ki san inda kike ajiye su, da yawansu ba na idon yara ba ne, kin fi ni sani.

Ban ce a hana su waya da talabijin ɗungurungum ba, wanda aka hana a gida zai je maƙwabta. A sa musu lokaci, kuma dokar ta hau kan kowa: daga an idar da isha'i zuwa barci ba mai taɓa waya, har ke. Autan ne ya fi bukatar tsaro. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da shawara a 2019 cewa yaron da bai kai shekara biyu ba kada a zaunar da shi gaban allon waya ko talabijin, daga biyu zuwa huɗu kuma kada ya wuce awa ɗaya a yini, in an rage ma ya fi, kuma ta ce a maye gurbin da karanta masa littafi da ba shi labari. Ita wayar ma za ta iya yi miki aiki: akwai shafin African Storybook da ke da ƙananan labarai masu hotuna da Hausa, kyauta. In kin sami waɗanda suka yi miki, ki kai shagon kwamfuta a buga miki su a takarda a ɗinke. Na fi son haka da a miƙa wa yaro wayar, don daga labari zuwa wasan tseren mota taɓawa ɗaya ce.

Saura maigida. Kada ki tare shi da gardama ya dawo kasuwa a gajiye, ba za ki ci riba ba. Mutumin yana biyan kuɗin makaranta da na lesin, abin da yake so ya gani sakamako ne, kuma yana da gaskiyarsa. Ki biyo masa ta inda yake so. Jarrabawar da yake magana, ai karanta ta ake yi kafin a amsa. Yaron da ke jan ƙafa a karatu, ko lissafi ya iya, in aka kawo tambayar cikin jimloli sai ya faɗi, domin kafin ya gane abin da ake nema lokaci ya tafi. Wanda ya saba karatu don daɗi yana karantawa da sauri, ya san kalmomi da yawa, in an ce ya rubuta insha'i yana da abin faɗa. Abba yana dab da jarrabawar shiga sakandare, inda ba mai tsayawa ya biya masa. In kuma ta fuskar addini yake ganin labari shiririta ne, ki tuna masa cikin ladabi cewa Alƙur'ani da kansa ya kira labarin Annabi Yusuf mafi kyawun labarai, kuma akwai ƙissoshin Annabawa da tarihin Sahabbai da Hausa a shagunan littattafan addini. Wannan ɓangaren ma ki bar masa, ya fi dacewa da bakinsa.

Ba sai ya zauna ya yi tatsuniya ba, wasu mazan ko an sa musu wuƙa ba za su yi ba. Abin da za ki roƙa ƙarami ne. In ya zauna cin tuwo, ya ce, "Abba, idona ya gaji, karanta mini labarin ƙwallon nan," ya miƙa masa jaridar Hausa irin su Aminiya. Ranar Asabar in ya tafi da shi kasuwa, ya ba shi littafin shago ya rubuta abin da aka sayar da wanda ya karɓi bashi. Wani lokaci in zai yi tsaraba, maimakon biskit ya tsaya wajen masu kasa littattafai na hannu, ko ma ya tafi da yaron ya zaɓa da kansa. Abin da uba ya miƙa da hannunsa yana da wani nauyi a wajen ɗa namiji, mu mata sai dai mu haƙura da wannan. Malamin lesin kuwa, ku zauna ku duba me yake yi. In aikin gida kawai yake yi wa yaron ya kwafe, kuɗinku kuke zubarwa. Ko dai a ce ya koma kan haɗa baƙi in gwajin ya nuna rauni, ko a rage kwanakinsa yaro ya sami sararin numfashi.

In ya zo zaɓe, ki danne zuciyarki. Wataƙila ya ɗauko littafin barkwanci mai zane, ko na motoci, ko na macizai, ko tarihin 'yan ƙwallo. Ki bar shi. Akwai yaran da ƙagaggen labari ba ya burge su sam, su abin da ya faru da gaske suke so, yadda jirgi ke tashi, yadda aka yi yaƙi kaza. Irin waɗannan, garin nan kansa littafi ne a buɗe gare su. Ki saya masa sabon littafin rubutu mai kauri, ki ce nasa ne, ba na makaranta ba, ba mai sa masa jan biro. In kun je cikin birni gaida kaka, ya tambaye ta ya rubuta: sunayen ƙofofin gari, Kofar Doka da Kofar Gayan da Kofar Kuyambana da Kofar Kibo da sauransu, abin da ta ji game da Sarauniya Amina da ganuwa da dutsen Kufena, yadda ake hawan sallah tana yarinya, sunan kakan kakansa da sana'arsa. Tsofaffi suna son a tambaye su, za ta ba shi har da wanda bai nema ba. Ƙanwar ta yi zane a ciki. Yaron da ya ga maganar kakarsa ta zama rubutu da hannunsa, ya kuma karanta wa dangi ranar sallah aka ce "haka ne kuwa," ya fara kallon sauran littattafai a matsayin maganar wasu mutane da aka adana.

Kada ki sa ran ganin canji cikin mako guda. Za a yi daren da ke kanki kin gaji, a yi wanda za su ce fim suke so. Ba komai, a ɗora gobe. Kuma ukun nan ba za su zama ɗaya ba: wani zai zama mai kwana da littafi a ƙirji, wani zai karanta abin da ya shafe shi ne kawai. Ki guji gwada ɗaya da ɗaya, musamman in ƙanwar ta riga wan kamawa, abin da yakan faru.

Littattafai za su yi miki kaɗan nan da nan in abin ya kankama, kuɗi kuma kin san halin da ake ciki. Ki yi magana da mata biyu ko uku a layinku, ko a Islamiyyar matan aure, kowace ta sayi biyu daban da na 'yar'uwarta, a riƙa musaya duk ranar Juma'a. In kin fara tatsuniyar tsakar gida, yaran maƙwabta da kansu za su fara leƙowa, iyayensu ba za su yi wuyar shawo kai ba. Ki ɗora Abba a kan rajistar aro, ya rubuta sunan littafi da gidan da ya tafi da ranar dawowa, shi zai bi sawu in an yi jinkiri. Kowane littafi a rubuta sunan gidan masu shi a bangon ciki da biro kafin ya fita.